Farar Ƙasar Meurig

Kwana uku Meurig na layi a bakin matoya, inda ake toya duwatsun da jiragen ruwa ke saukewa a gaɓar teku su zama farar ƙasa. Gonarsa ta yi tsami, bara ko hatsin kunu ba ta ba shi ba, kuma ba abin da ke gyara ƙasar wannan yanki sai farar ƙasa. Da layi ya zo kansa, tsoho Idwal mai toyi ya loda masa ita da zafinta a keken dokinsa.

"Ta gada za ka bi ko?" in ji Idwal.

"Gada? Mil tara fa, Baba. Beti ta tsufa. Mashigi zan yanke."

"Kai dai taurin kai ka gada wurin ubanka. Ruwan teku ya fara dawowa mashigin. Ka san farar ƙasar nan in ta sha ruwa wuta take zama."

"Ruwan iya ƙauri ne. Ka ji da matoyarka."

Beti goɗiyarsa ce, ita kaɗai gare shi, shekara goma sha shida suna noma tare. Tausayinta ne ya sa ya ƙi doguwar hanya. A bakin ruwa ta toge, ta kaɗa kunne. Ya lallashe ta da suna, ta shiga, don ba ta taɓa yi masa gardama ba.

Mashigin shiru, ko keke ɗaya babu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya juya. A tsakiya ƙafar keken ta hagu ta nutse cikin yashi. Beti ta ja, ta sake ja, keke bai motsa ba. Ruwan da ke ƙauri ya kai gwiwa, yana hawa a hankali, saura taƙi ɗaya ya taɓa katakon keken. Tsoro ya kama Meurig sosai.

Sai ya yi abin da kowane manomi ke yi in keke ya kafe: ya haye sama da shebur, ya shiga rage kaya. Shebur takwas na farar ƙasa ya zubar cikin ruwa kafin ya lura da inda igiyar ruwan ke tafiya.

Ruwan ya yi fari, yana tafasa, yana tururi, ya gangara ya kewaye ƙafafun goɗiyar. Ta yi wani kuka da bai taɓa ji ba. Duk da haka ba ta yi harbi ba, ba ta fizge ba. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ja masa keken.