Ramin Wankin Allo

Farar ƙasar da aka zizara a ƙofar gidansa ba ta fara ɗaukar hankalin Malam Ya'u ba, ɗan kumfan da ke cikin kwalba ne ya tsayar da shi. Baƙon da majalisar garin Parakou ta ɗauko daga kudu don ya auna ƙasa ya kafa wani abu mai ƙafa uku a tsakiyar lungu. A bisansa akwai 'yar kwalba kwance, cike da ruwa, da kumfa guda tak yana yawo a ciki. In ƙasa ta karkata gabas sai kumfan ya gudu yamma, in an daidaita ƙafafun sai ya dawo tsakiya ya natsu. Malam ya fito ne zai tafi jana'iza, amma har aka kai gawar aka dawo yana nan sunkuye, hannuwa a baya, yana kallo.

Shekara ta uku ke nan da Dahomey ta karɓi mulkin kanta, kuma sababbin masu gari sun ƙudura za su haƙa lambatu a unguwar Zongo, ya kwashe ruwan wanka da na wanke-wanke daga gidajen tudu, ya gangara ta mahauta ya ɗebi ruwan jinin da ke kwanciya a can, ya kai rafi. Baƙon, Mushe Hunsu, kamar yadda ake kiran mutum da girmamawa a Faransanci, yana jin harshen Dendi kaɗan-kaɗan, Malam kuwa a Djougou aka haife shi, don haka da Dendi suka gaisa. Sai da suka gama zancen kumfa sannan Malam ya bi farin layin da ido, ya ga inda ya nufa.

A gindin bangon gidansa, daga waje, ƙarƙashin wani lemun tsami, akwai rami da aka kewaye da duwatsu aka rufe da falalen dutse. Mahaifinsa ne ya haƙa shi shekara arba'in da huɗu da suka wuce, a damina ta farko bayan sun sauka daga Djougou. Tun daga lokacin, duk allon da aka wanke a makarantar gidan, a kasko ake wanke shi, a kawo ruwan a juye a nan, domin ruwan da ya taɓa aya ba a watsa shi inda ƙafa ke takawa. Farin layin Mushe Hunsu ya hau kan dutsen nan daidai tsakiya, ya sauka ta ɗaya gefen.

Akwai abin da Malam bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa Lauratu. Tun yana yaro ya ɗauka cewa can ƙarƙashin lemun akwai wani ɗan tafki baƙi wuluk, shiru, inda duk baƙaƙen da aka wanke suka taru suka kwanta kamar kifaye. Har nasa na farko, masu karkatattun ƙafafu, yana jin suna ciki. Ya girma, ya yi furfura, ya karantar da mutane fiƙihu, amma tafkin bai ƙafe daga ransa ba.

Ranar zaman majalisa ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi. An shafe safiya ana gardama a kan rumfuna uku da za a rushe, da wani kango da mutum biyu ke cewa nasu ne, da ko lambatun zai bi gaban masallaci ko bayansa. Ana yi da Faransanci, a juya da Dendi, a faɗa da Baatonum, a yi gunaguni da Hausa. Da aka ba Malam dama ya faɗi tasa a taƙaice. Wani ɗan majalisa ya amsa cewa lungu na gari ne, kuma za a haƙa masa sabon rami a cikin gida. Malam ya ce sabon rami bai dame shi ba, abin da ke kwance a tsohon ne ba zai yarda a malala masa ruwan bayan gida a kai ba.

Ɗanbala, sarkin pawa, shi ne ya fi kowa son lambatun, kuma yana da dalili: ƙuda ya hana mahauta sakat, jikokinsa biyu sun kwanta da gudawa a daminar bara. Tare suka zauna gaban allo da Malam suna yara, shi ne dai ya gudu tun bai haɗa izu ɗaya ba.

"Alaramma," in ji shi, "ramin nan ni ma na san shi, ai rabin bulalar da na sha a bakinsa na sha ta. Amma mu can ƙasa wari zai kashe mu."

"Warin da ka saba da shi tun kana goye?"

"Na saba da nawa. Na gidajenku ne ke gangaro mana."

Aka yi dariya. Shugaban zaman ya ɗaga magana zuwa mako biyu, ya ce ma'aunin ƙasa ya sake dubawa.

Washegari Mushe Hunsu ya zo, ya sa aka ɗaga dutsen, ya leƙa. Laka ce baƙa mai sanyi, da saiwoyin lemu. Ya tambaya ko ramin ya taɓa cika. Malam ya ce ko sau ɗaya. Baƙon ya yi lissafi da yatsu, kasko biyu kullum har shekara arba'in da huɗu, ya ce da ruwan yana nan da tuni gidan ya zama tsibiri. Rami ba tulu ba ne, in ji shi, duk abin da aka zuba masa sai ya nemi hanya ya tafi.

"Ya tafi ina?"

Mushe Hunsu ya ɗaga kafaɗa. Na'urarsa saman ƙasa take gani, ba cikinta ba.

Tambayar ta zauna wa Malam a ƙirji kamar ƙashin kifi. Yana karantarwa tana nan, yana cin tuwo tana nan. Ran kwana na uku ya tuna da wani abu na ƙuruciya. A Djougou gwaggonsa tana da karofi, kuma maƙwabcinta yana da fararen agwagi. Wata shekara ɗaya daga cikin ramukan rinin ya tsage ta ƙasa, ba wanda ya sani, sai da agwagin suka fara dawowa daga wani kududdufi can bayan unguwa da ciki shuɗi. Mutane sun yi ta zuwa kallo, har daga ƙauyen Bariénou.

Ya tafi karofin Zongo ya roƙi ruwan baba na rini tulu shida. A hanya ya yi ta yi wa kansa fatawa: baba ganye ne da toka, tawada ma itace ce da ƙaro, babu najasa a ko ɗaya. Ya jira har masu karatun hantsi suka watse, ya ɗaga dutsen da kansa, ya juye tulunan ɗaya bayan ɗaya. Lauratu tana tsaye a bakin zaure, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Malam, lemun za ka rina ko kuwa ƙasar?"

"Tambaya nake yi."

"To Allah ya sa ta amsa kafin ƙanshin ya kori maƙwabta. Kuma kada ka taɓa mini fararen kwanuka da hannun nan."

Hannuwan kuwa sun rinu har wuyan hannu. Ya goge da toka, ya goge da lemu, fatar ta ɗan washe amma faratan suka ƙi. Ya koma fita da babbar riga, yana naɗe hannu cikin hannun riga.

Kwana uku yana zagaya unguwa yana leƙa kududdufai da gindin bango. Ya duba kaji, ya duba agwagi, har wata akuya mai tabo a ciki ya bi ya ga ashe haka aka haife ta. Ran kwana na huɗu da hantsi ya ji hayaniya daga gangare.

Taku sittin ne daga gidansa zuwa rijiyar mahauta, rijiyar da duk Zongo ta yarda ta fi kowace daɗin ruwa. Da ya isa ya tarar da mutane sun kewaye wani farin kwano. Tumbin saniya ne a ciki, an wanke shi tas, ya fito da launin sararin sama bayan ruwa ya ɗauke. Aka sake jefa guga, aka juye a farin ƙyalle, shuɗin ya fito a fili. Wasu suka ce aljanun rijiyar ne ba sa son lambatu. Wasu suka ce wani abu ne Turawa suka binne kafin su tafi. Ɗanbala dai ya hana kowa sha, ya aika a kira malamin lafiya.

Abin da Malam ya fara ji, ya kuma yi istigfari a kansa daga baya, daɗi ne zalla. Kwana huɗu, taku sittin: ruwa a cikin ƙasa yana tafiya taku goma sha biyar a wuni, kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Sai da ya juyo zai hau gida sannan sauran lissafin ya same shi. Babu tafki. Bai taɓa kasancewa ba. Shekara arba'in da huɗu yana kiyaye ruwan nan daga tafin ƙafar mutane, shi kuwa ruwan yana silalewa ƙasa ana wanke hanji da shi.

Ya ƙi cin abincin rana. Lauratu ta dubi farcensa, ta dubi fuskarsa, ta ce ita ba za ta faɗa wa kowa ba, amma mata sun fara zuwa rafi ɗibar ruwa, kuma rafin nan shi ne ya kwantar da jikokin Ɗanbala bara.

A zama na biyu malamin lafiya ya fara magana. Ya ce tunda ba a san abin da ya shiga rijiyar ba, a cike ta da ƙasa. Aka kusa amincewa. Malam ya san in ya yi shiru ba wanda zai taɓa ganewa, sai dai rijiya ta tafi, rami ma ya bi ta. In kuwa ya yi magana, shi da bakinsa zai rushe hujjar da ya kawo mako biyu da suka wuce, a gaban mutanen da ke durƙusa masa. Ya miƙe, ya zaro hannuwansa daga cikin riga, ya ɗora su a kan teburin shugaba, farce goma shuɗɗa.

Ya faɗi komai, har agwagin Djougou. Mai fassara ya tsaya sau biyu yana tambaya ko ya ji daidai. Da aka gama, sai Ɗanbala ya gyara zama.

"Wato, Alaramma, duk shekarun nan da ruwan karatu nake wanke kayan ciki?"

"Da shi."

"Na gudu daga allo, ashe allon ya biyo ni."

Wasu suka fara dariya, suka ga shi Ɗanbala bai yi ba, suka haɗiye.

Mushe Hunsu kuwa ya riga ya baje taswirarsa, yana zumuɗi kamar an yi masa albishir. Ya tambayi tulu nawa, wace rana, wane lokaci, ya rubuta. Sannan ya juya ga majalisa ya ce tsohon nan ya yi gwajin da shi ba shi da kayan yi. Hanyar da baba ya bi ya kai rijiya, ita ƙazanta za ta bi in aka haƙa lambatu ta wurin. Shuɗin zai washe da kansa cikin 'yan kwanaki, amma ƙazantar ba za ta washe ba. Aka yi ta ja, domin karkata layin zai cinye rumfa ta huɗu, mai ita kuma surukin wani ɗan majalisa ne. Daga ƙarshe aka ɗaga hannu: lambatu zai kauce taku goma sha biyu, a shafe cikinsa da siminti har ya wuce mahauta. Magatakarda ya rubuta cewa an yi haka ne don kare rijiya. Ramin bai shiga takarda ba.

Kafin damina ta kankama an gama aikin. Lambatun ya sauko a miƙe daga tudu, da ya zo kusa da lemun sai ya yi ɗan lanƙwasa kamar mai ba babba hanya, ya wuce. Mahauta suka tara tsofaffin duro a bakin rumfa, suka koma wanke nama da ruwan sama da na wata rijiya ta bayan kasuwa. Ba wanda ya umarce su. Tasu rijiyar ta zama ta sha kawai.

Malam ya ci gaba da juye kaskonsa. Sai dai yanzu in ya ɗaga dutsen yakan ɗan jima kafin ya zuba, kuma ya daina leƙawa ciki. Wata Laraba da la'asar ya gangara, taku sittin, yana ƙirgawa. Ɗanbala yana zaune a bakin rijiya yana wasa wuƙa. Ya jawo guga, ya cika ƙwarya, ya miƙa masa.

"Yau wane karatu ne ya iso?"

Malam ya ƙirga kwana huɗu baya da yatsunsa, waɗanda shuɗinsu ya kusa fita, saura a bakin farce.

"Na Asabar. Na 'yan farko ne, baƙaƙe zalla, ko wasali ba a sa musu ba."

"To, daidai ni ke nan," in ji Ɗanbala. Ya karɓe ƙwaryar kafin Malam ya kai ta baki, ya yi bisimilla ya sha, ya mayar masa da sauran.

Malam ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu har ruwan ya daina rawa. Garau yake, ana ganin zanen ƙasan ƙwaryar. A gefe guda akwai ɗan kumfa ɗaya, ya karkata hannu kaɗan, kumfan ya taho tsakiya ya tsaya.