Tambaya Ta Bakwai

…sha bakwai. A'a, bari dai ta sake ƙirgawa, wataƙila yatsanta ne ya haɗa biyu. Ɗaya, biyu, uku — takardun sai manne wa juna suke, gumin hannu — sha biyar, sha shida… sha bakwai. Sha bakwai ɗin dai. Cikin mutum ashirin da biyu.

Martha tana zaune dirshan a kan ledar ɗakinsu a Makera, ko kayan coci ba ta cire ba, takardun tambayoyi baje a gabanta. A tsakar gida Mama tana dakan sakwara. Dum… dum… Sau biyu ke nan tana ɗaga murya, Martha kin sha ruwa? Tambayarta ta kullum, sau goma a wuni, sai ka ce da jaririya take. Lahadi ce, ƙarfe biyu na rana, kwanon rufi har ƙara yake don zafi. Wa ya aike ki, Martha? Su Martha manyan masu bincike!

Malama Nafisa, malamarsu ta darasin fim, ita ce ta aike ta, in ana neman wanda za a ɗora wa. Aikin ƙarshen zango ne: kowane ɗalibi ya haɗa buɗewar fim ta minti biyu, irin fim ɗin nan da ake kira noir — baƙi da fari, inuwa ta fi mutum tsawo, a fara da gawa tun kafin a ce sannu. Kuma Malama ta ce ko kallon fim ɗinka ba za ta yi ba sai ka nuna wa jama'a, ka raba musu takarda sun faɗi ra'ayinsu. Rukuni biyu, matasa da manya. Matasa 'yan ajinsu ne, an gama da su tun Alhamis. Manya kuwa, ina za ta same su in ba a coci ba? Yau bayan sujada ta tare su a ajin makarantar Lahadi, ta toshe tagogi da kwali, ta rataya zanen gado, ta kunna majigi. Suka zauna a bencin yara, gwiwoyi a sama, suna dariya, wai 'yarsu ta zama darakta.

A saman kowace takarda, da manyan baƙaƙe: KADA KA RUBUTA SUNANKA. Ita ta buga shi, har ta ja masa layi, don Malama ta ce mutum ba ya faɗin gaskiya sai ya tabbata ba a ganinsa.

To ga gaskiyar nan. Sai ki ci.

Fim ɗin ma ba wani abu ba ne. Tony, ɗan ajinsu, yana tafiya cikin kangon masaƙa a Kakuri, haske na zubowa ta hudar rufi. Inuwa ta biyo shi. Inuwa ɗaya tak. Hannu ya ɗaga ƙarfe, ya sauke — sau ɗaya, a ƙeya — Tony ya kife. Shiru. Ko shurawa bai yi ba. Ba ta ambaci Caleb ba. Ba a fim ba, ba a takarda ba, ba da bakinta ba. Wa ya ce labarin yayanta ne? Wa ya ce?

Bugu ɗaya… shekara tara tana riƙe da wannan bugu ɗayan. Tun tana 'yar sha biyu, ranar da ta dawo daga makaranta ta tarar da takalma jibge a ƙofar ɗaki. Aka ce wasu ne, can wajen mahaɗar hanya, baƙi, 'yan wucewa, an yi ihun ɓarawo, ba wanda ya san su. Aka ce bai sha wahala ba. Akwatin ma a rufe aka kawo shi, da ƙusa. Mama tana kasuwa a Sabon Tasha lokacin, sai a mutuware ta riske shi. Haka ta ce. Haka take cewa har gobe.

Tambaya ta bakwai. Faɗuwar mutumin ta yi kama da gaskiya? E. A'a. Ban sani ba.

Don mutanen kirki ta sa «ban sani ba». Mutumin kirki ina zai san yadda ake faɗuwa? 'Yan ajinsu kusan duk a nan suka sa alama, wani shashasha ma ya rubuta a ƙara jini. Amma 'yan coci fa? 'Yan zumuntar mata, mawaƙa, dattawan da ke raba gurasar Jibin Ubangiji da farar safar hannu. Sha bakwai. A'a, a'a, a'a…

Tsaya, Martha. Kaduna ce fa. Wa ya kai hamsin a wannan tsallaken kogin bai taɓa ganin an kashe mutum ba? Rikici nawa suka gani? Mutanen da suka ɗora katifa a ka suka tsallako gada da gudu? Sun san faɗuwa, shi ke nan, ba lallai faɗuwar — haka ne. Haka ne ma. Rubuta hakan a babi na huɗu na rahotonki, ki zana da'irar nan a kwamfuta ki yanka ta kamar kankana, kashi saba'in da bakwai cikin ɗari, ki karɓi makinki ki huta.

Sai dai akwai tambaya ta takwas. Me za a gyara? Layi uku, babu komai a kai, don mutum ya sake.

Dum… dum…

«Ba a duhu ake yi ba. Rana tsaka ne.» Namiji, hamsin da huɗu.

«Ba mutum ɗaya ba.»

«Bulo ne, ba ƙarfe ba.» Mace ce wannan. Mace!

«Ba ya faɗuwa lokaci ɗaya. Zama yake yi. Yana tashi ana mayar da shi.»

Zama yake yi. Wayyo Yesu, zama… Ba ta son gani, amma majigin ya kunna kansa a cikin kanta, kuma wannan ba mai ɗauke masa wuta. Caleb a bakin kwata, ƙafafu a miƙe, yana kallon hannunsa da ya juya baya. Ya yunƙura. Katako a gwiwa — irin ƙarar da rake ke yi in an karya. Ya zauna. Ya sake yunƙurawa, wawa, don me kake tashi, kwanta mana su ƙyale ka! Bulo a kafaɗa, bulon ya fashe, wani ya tsinci rabin. Haƙora a ƙasa. Jini yana bin kwata tare da ruwan wanke-wanke, rana ƙwal, kowa na ganin kowa. Minti nawa? Nata minti biyu ne da daƙiƙa goma. Nasa fa?

Ba waliyyi ba ne, ta sani, kada wani ya zo ya tuna mata. Shi ya ɗauke dutsen gugar Mama, ya rantse da Littafi bai gan shi ba. Yana shan abin da yake sha a bayan masaƙa, idanu jawur. Wataƙila ma ya ɗauki wayar da aka ce ya ɗauka. To sai me? Sai me? Shi ne dai ke goya ta ya tsallake kwata in an yi ruwa. Shi ya koya mata yin kare da yatsu a bango in an ɗauke wuta — riƙe tocilan da kyau ke, ga shi zai yi haushi — daga nan ta fara son inuwa. Inuwar da ta je ta yi fim da ita.

Babi na biyu, nazarin nau'in fim. Da hannunta ta rubuta: a irin wannan fim babu mai tsabta, wanda aka kashe ba mai tsabta ba ne, mai binciken ma haka, kuma garin duka yana da hannu. Malama ta ja layi da jan biro, ta sa madalla. A littafi ta tsinto shi. Ta ɗauka zancen wasu garuruwa ne can, masu yayyafi da maza masu dogon kwat da malafa. Ashe Makera ake nufi.

Ga wata kuma. Ga wadda ta tsaya mata a wuya tun ɗazu.

«Yana kiran sunayen mutane.»

Baƙi, aka ce. 'Yan wucewa. Wa ke kiran sunan baƙo? Sunan wa ka sani a cikin 'yan wucewa, Caleb? Namiji, shekaru 67. Bakwai mai sanda a tsakiya, sandar ta ɗan karkata sama. Ta san bakwan nan kamar yadda ta san ƙofar gidansu. Duk Lahadi tana kan allo, lambar waƙa, da alli. Baba Ezekiel. Dattijon coci, tsohon ma'aikacin masaƙa. Shi ya riƙe gaban akwatin. Shi ya dafa kanta a bakin kabari ya ce 'yata, Ubangiji ne ya bayar. Yau ma shi ya fara tafi.

Ƙafar kyamara tana jingine a bayan ƙofa, ƙarfe ce, da nauyinta. Gidansa a unguwar Mahuta yake, ba nisa, minti goma a keke. Yanzu haka yana ƙarƙashin mangwaro da rediyonsa, ya cire takalmi, ƙeyar nan tasa mai furfura mai ninki biyu. Za ta yi sallama. Za ta durƙusa ma ta gaishe shi, Baba ina wuni. Sannan ta zagaya ta baya, ta ɗaga da hannu biyu, ta sauke har sai ta ji abin ya nitse, har sai rediyon ya jiƙe, har sai —

Ba ya faɗuwa lokaci ɗaya.

Zai zauna. Zai ɗago ya dube ta, ya ce Martha. Zai yi ta tashi tana mayar da shi. Sun koya mata ai, su da kansu suka gyara mata fim ɗin. In ta gama da shi kuma, saura sha shida. Ta bi su gida gida? Narayi, Kakuri, layin bayan coci? Mai bulon nan, wace ce a cikin matan da suka rungume ta ɗazu, suna ƙamshin hoda, suna cewa Allah ya ƙara basira?

Kuma shi jifa ya yi, ko tsayawa? Babu gurbin wannan a takardar. Ba ta sa ba. Ka jefa? E. A'a. Na tsaya kallo. Kai, Martha, binciken naki bai cika ba, Malama za ta rage miki maki…

Dariya ce ke neman taso mata.

Me ya sa suka rubuta? Me ya sa ba su yi ƙarya ba, kamar yadda suka saba? Don ta toshe tagogi. Don ta ce ba suna. Shekara tara ba wanda ya tambaye su, sai ga ƙanwarsa ta miƙa musu biro a cikin duhu, ta ba su layi uku.

Dum… dum… dum…

Saura ɗaya. Ta ƙirga ta a cikin sha bakwai ɗin, alamar kawai ta leƙa ta mayar, ba ta buɗe ƙasan ba. An ninke ta huɗu, da ɗigon manja a gefe. Koren biro. Shuɗayen sun ƙare ne, sai ta ciro koren daga jakarta ta ba mutum ɗaya, wadda ta zauna can baya kusa da ƙofa. Mace, hamsin da biyu, 'yar kasuwa. Kada ka rubuta sunanka — ina amfanin wannan, ina amfaninsa?

Tambaya ta ɗaya zuwa ta shida, ba a taɓa ba. Ta bakwai, A'a. Ta takwas, baƙaƙe manya, karkatattu, an danna biron har ya huda takardar.

YA NEMI RUWA.

Mama tana kasuwa ranar. A Sabon Tasha. Gaya mata aka yi, mana, mutane ai ba sa riƙe baki… A'a. Wa zai gaya wa uwa haka? Bai sha wahala ba, shi ake gaya wa uwa. Shi ita ma ta gaya wa Martha, tana taje mata kai. Kuma zanen nan. Ranar, ranar da kanta, gida cike da masu kuka, Mama tana bayan ɗaki tana wanke zanen jikinta, tana dirza bakinsa a kan dutse, tana dirza, mata na cewa ku ƙyale ta baƙin ciki ne. Wa ke wanki ranar da aka kashe ɗansa? Me ya fantsamu a bakin zanen?

Kusa take ke nan. Kusa har haka.

Ta tsaya a cikinsu. Ba ta ce ɗana ne ba. Da ta ce fa? Masu bulo a hannu, idanu a rufe — uwar ɓarawo, ku haɗa da ita! Mahaifinsu ya riga ya rasu, ga yarinya 'yar sha biyu a makaranta, za ta dawo ta tarar da akwati biyu. Wannan ne, Mama? Ni ce dalilin? Ko tsoro ne kawai, tsoro tsirara, irin wanda ke ɗaure ƙafa? Kada ki ɗora mini. Don Allah kada ki ce don ni…

Yana kiran sunayen mutane. Ya kira Baba Ezekiel, ya kira wane, ya kira wance. Ya kira Mama? Ya kira ta ta sunkuyar da kai? Ko kuwa ya gan ta — ta cikin jinin da ya rufe masa ido ya gan ta — ya tsallake sunanta, don kada su juya?

Wanne ne? Wanne ya fi sauƙin ɗauka? Babu tambaya ta tara.

Randar ƙofar gida. Shekara tara tana nan da moɗa a kai, ba ta taɓa bushewa ba. Mai keke ya sha, mai tallan gawayi ya sha, mahaukaci ya sha. Kin sha ruwa, Martha? Kin sha ruwa? Ita kuma tana tsaki, Mama don Allah ki bar ni, ni ba yarinya ba ce.

Dakan ya tsaya.

Ƙarar murfin randa. Silifas a kan siminti, a hankali, kamar mai tsoron isowa. Ga inuwa a jikin labule, gajeriya, irin ta rana tsaka, hannu ɗaya a miƙe da kofi. Mama ba ta ɗaga labulen ba. Ta san koren biro ne. Tun tana rubutawa ta sani.

«Martha… ga ruwa.»

Takardar tana hannun dama. Na hagu ba komai a cikinsa, yana kan cinya, ba nisa, miƙawa kawai… Maƙogwaronta ya bushe ƙamas. Hannun ya ƙi tashi.