Jinyar Aro

Shi aka yi wa aikin, ni na kwanta jinya.

Bayan haihuwata ta biyar likita ta ce wani cikin zai iya tafiya da ni, kuma da wannan hawan jinin nawa ba ta son ta sa mini wuƙa. Na maigida ya fi sauƙi, in ji ta: a ɗaure masa hanyar haihuwa, ya koma gida da ƙafarsa. Ya daɗe yana juya maganar kafin ya yarda, amma da sharaɗi. Duniya za ta ji cewa ni aka juya wa mahaifa.

"Kin san 'yan garejinmu," ya ce. "In suka ji, sunana dandaƙaƙƙe har in mutu."

Na ce to. Da babu gara ba daɗi.

Washegarin aikin ya ɗingisa zuwa gareji ya shige ƙarƙashin motocin mutane, ni kuma na rufe keken ɗinkina na miƙe a gado da lafiyata ƙalau. Maƙwabta na shigowa suna yi mini sannu, ina nishin ƙarya, ɗinkin jama'a na jibge a kan kujera. Wallahi wankin yara biyar bai taɓa gajiyar da ni haka ba.

Da yamma sai ga uwarsa. Matar nan ita ta riƙe ni a kowace naƙuda, kuma tun rasuwar tawa uwar ita nake kira Mama. Ko zama ba ta yi ba.

"Kika je kika rufe wa ɗana gida?" ta ce. "Na ɗauke ki 'ya, ashe haka kike. Daga yau ni da ke sai gaisuwar hanya."

Maigida na tsaye a bakin ƙofa da baƙin mai a riga, don zama na yi masa wuya. Na zuba masa ido. Kalma ɗaya nake nema, a cikin ɗakin nan, ba a gareji ba. Na ga gumi na tsattsafo masa a goshi, har ya ba ni tausayi. Ya yi gyaran murya.

"Mama, ki yi haƙuri," ya ce. "Ni na riga na yafe mata."

Ta dafa kansa ta sa masa albarka. Ya ce amin.