Gurasar Sha'ir

Duk wanda ya ce min gurasar sha'ir abu ne mai sauƙi, to bai taɓa kwaɓa ta ba. Ta farko da na ciro daga tandan gas ɗin kicin ɗinmu a unguwar Mansur ta Makka, Yaya Marwan ya ɗauka ya ƙwanƙwasa a gefen tebur, ya ce in ajiye masa guda biyu a mota, in mun tsaya a gangare ya samu abin tokare taya. Na fizge abata, na ce ya fitar min daga kicin tun ban tokare masa baki da ita ba. Ya fita yana dariya. Ni kuwa ko murmushi ban yi ba, don abin ba na wasa ba ne a wurina.

Mahaifinmu, Malam Hashimu, shi ya jefa ni wannan aiki. A ƙarshen sanyin bana likita ya ce sukarinsa ya hau sosai, ya hana shi farin gari da duk abin da aka yi da shi. Har tamis, burodin nan mai faɗi da yake sayowa da zafinsa kowace safiya tun kafin a haife ni, aka ce ya haƙura.

A gidanmu kuma akwai abin da muka tashi muka tarar. Da sanyi ya ja baya, zafi bai riga ya sauko ba, ɗan lokacin nan da ake kira rabi'i, kowace Asabar sai mu cika mota mu fita bayan gari, can Wadi Nu'uman, gindin duwatsun da ake hawa zuwa Ɗa'if. Yaya Marwan ya hura gawayi ya gasa tsire. Ni in zo da gurasa irin ta Kano, wadda Umma ta koya min kafin ta rasu, in yi bandashe: in ɗan jiƙa gurasar, in barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, in zuba man gyaɗa da albasa da tumatir. A gida maza daban suke ci, mata daban. A jeji kuwa faranti ɗaya ne, babba, kowa ya kewaye shi, Baba a tsakiya yana tura wa wannan nama, yana yi wa wancan faɗan ya cika sauri.

Asabar ta farko bayan maganar likita, sai na ce bari in kyautata. Na sayi wani kwano mai kyau mai murfi, na dafa masa ganye da ƙirjin kaza, na haɗa da burodin masu sukari na kanti. Da aka ajiye faranti, na ɗauko kwanon da hannu biyu na ajiye a gefensa. Ya ɗaga murfin, ya duba, ya mayar a hankali.

"Kwano mai murfi, Khairiyya? Har na kai nan?"

Na ce, "Baba, ai don lafiyarka ne."

Ya ce ya ƙoshi. Ya ja jiki ya jingina da itace yana jan carbi har muka gama. Asabar ta gaba ya ce ƙafarsa na ciwo, mu je kawai. Wadda ta biyo baya ya ce kansa ne. Muka dawo da magariba muka same shi a kujerar bakin taga, yana kallon masu sayar da kaya a titi, ko fitila bai kunna ba.

Ina wanke-wanke abin ya faɗo min. A gidanmu ba a taɓa ware wa mai lafiya kwanonsa ba. Mutum ɗaya aka taɓa kai wa abinci a kwano mai murfi, ita ce Umma, a watanninta na ƙarshe, lokacin da ba ta iya zama. Hannuna cikin kumfa na tsaya. Wallahi na ji tsoro. Rabi'in Makka ba ya jiran kowa, in ka yi sake sai ka farka ka ga rana ta fara ƙona tafin ƙafa. Na san halin Baba sarai: in wannan lokaci ya wuce yana kan kujerar nan, to baɗi ma ba zai tashi ba.

A ranar na tara su, Yaya Marwan da matarsa Maha da 'yarsu Shahad, wadda ke shekarar ƙarshe a sakandare. Na ce, "Tunda Baba ba zai ci namu ba, mu za mu ci nasa. Daga yau farin gari ba ya shiga motar nan ranar Asabar. Khalas, magana ta ƙare."

Shahad Hausarta a karye take, sai ta haɗa da Larabci take kai magana ƙarshe. Ta ce, "Gwaggo, ya'ani har tamis?"

"Har tamis."

Yaya ya ce, "Ke dai ba kya yin abu rabi. Mutum ɗaya likita ya gani, kin kwantar da gida guda."

Na ce in bai so ba ya zauna a gida, ya ba ni makullin motar. Ya tura makullin cikin aljihu, don ya san ina da lasisi.

Sai aka shiga gwaji. Kullum in na dawo daga aiki, ko mayafi ban gama ninkewa ba na ɗauko roba. Sha'ir zalla ya ƙi tashi. Na haɗa da garin alkama mai dusa, ya tashi, amma yana hucewa ya koma fata. Na ƙara yis, ya yi ɗaci. Na sa nono, ya yi tsami kamar an manta da shi a rana. Maƙwabta tun suna karɓa da godiya har suka fara cewa sun ci abinci tun kafin in buɗe baki. Tattabarun kan rufinmu ne kawai ba su taɓa mayar min ba, su ma sai na jiƙa musu.

Baba yana jin ƙamshin daga falo. Bai taɓa tambayata me nake yi ba, ni ma ban ce masa komai ba. Sai dai wani lokaci in na wuce da tire in ga ya bi shi da ido.

Wata Laraba ina kwaɓi Maha ta kira ni a waya, na sagale wayar a kafaɗa ina zuba ruwa, hira ta ɗauke ni, ruwa ya yi yawa. Kwaɓin ya koma caɓi, yana manne wa yatsu. Na so in zubar, sai baƙin ciki ya hana ni, na rufe shi na tafi na yi sallar la'asar, na ɗan kishingiɗa. Da na dawo, ya cika robar har yana ɗaga murfi. Na shafa ruwa a hannu, na fyaɗa shi a tire mai zafi. Ashe duk wannan wahala ƙishirwa ce ke damun garin! Gurasar ta fito da laushi, ta naɗu a hannu ba ta karye ba. Launinta dai ƙasa-ƙasa ne, kuma ba zan yi ƙarya in ce ta kai ta Umma daɗi ba. Amma gurasa ce, mutum zai ci bai nemi likitan haƙori ba.

Safiyar Asabar na shirya komai, na je na durƙusa gaban Baba.

"Baba, mun shirya."

"Allah ya kiyaye hanya. Yau bayana ne ke ciwo."

"Babu kwano. Faranti ɗaya ne, gurasar sha'ir ce. Abin da za ka ci, shi kowa zai ci."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wato kin tilasta wa bayin Allah shan magani saboda ni."

"Suna so. Shahad har ƙari take nema." Allah ya yafe min wannan.

"Ku je dai."

Na gyara zama a ƙasa. Na ce, "To shi ke nan. In ba za ka je ba, a nan falon za mu shimfiɗa leda. Yaya ya hura gawayinsa a baranda, hayaƙi ya cika bene, maƙwabta su kira masu kashe gobara. Kai za ka yi musu bayani, don kai ne mai gida."

Ya gyara zaman tabaraunsa. Can ya ce, "Taurin kan nan ban san inda kika samo shi ba." Na ce ni na sani. Ya yi tsaki, ya ce in miƙo masa hularsa.

An yi ɗan ruwa a makon, sai kwarin ya yi kore-kore, ciyawa ta tsattsago tsakanin duwatsu. Motoci jefi-jefi a gindin itatuwa, yara na guje-guje, iska mai sanyi na saukowa daga dutse. Muka samu inuwa muka shimfiɗa darduma. Baba ya zauna ya miƙe ƙafa, ƙafar da ta yi makonni tana ciwo, ya fara gaya wa Yaya cewa gawayin ya yi yawa. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Na haɗa bandashe na kawo faranti. Kowa ya matso, aka yi bismillah. Baba ya yagi gurasa ya kai baki, ya tauna, ya sake yaga. Ni idona na kan hannunsa. Sai daga baya na lura ba mai magana. Maha na tauna loma ɗaya kamar mai cin ƙaro. Shahad na tsince tumatir tana barin gurasar. Yaya ya yi loma biyu, ya kakkaɓe hannu, ya ce bari ya duba ruwan mota. Jim kaɗan Shahad ta ce ta manta wayarta a kujerar baya.

Motar na can gefe, an ɗaga murfin bayanta. Iska ta juyo. Ni da na tashi da ƙamshin tamis a hanci, nan take na gane shi. Jinina ya tafasa. Duk ƙonewar yatsuna, duk garin da na ɓarnatar, ashe mutumin nan ya biya wurin mai tanda da sassafe ya ɓoye a ƙarƙashin safayar taya! Na yunƙura zan tashi.

"Zauna," in ji Baba. Ya ɗaga murya. "Marwan! Zo nan. Ka taho da abin da ke hannunka."

Suka zo, Yaya na riƙe da leda a bayansa, ƙato da shi, da furfura a gemu. Shahad kumatunta a cike, ta kasa haɗiyewa.

"Jaddi, wallahi kaɗan ne bas," ta ce wa kakanta.

Na ce, "Yaya, ka ji kunya! Ni na ce..."

Baba ya ɗaga min hannu. Ya karɓi ledar, ya fito da tamis ɗin, an riga an yage gefe guda. Ya matsar da bandashe, ya shimfiɗa shi a tsakiyar farantin.

"Ku zauna ku ci," ya ce. "'Ya'yana na ɓuya a bayan mota su ci abinci saboda ni? Wannan ai ya fi kwanon ciwo. Ke kuma, Khairiyya, kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Gurasarki ta ciwu. Amma ni ba makaho ba ne, kuma ba yaro ba ne da za a ɓoye masa alewa. Kowa ya ci abinsa a gabana, in ci nawa a gabansa."

Suka zauna. Maha ta fara kai hannu, a kunyace, sai Shahad. Nan da nan surutu ya dawo, Yaya na rantsuwa wai don Shahad ya sayo, Shahad na cewa ƙarya ne, shi ya fara ci tun a hanya.

Sai na ga hannun Baba ya tsallake gurasata ya nufi tamis. Ya tsinki ɗan mitsitsi, bai fi kan babban yatsa ba. Ya dangwala a ƙuli-ƙuli. Bai kai baki ba, ya ɗago ya dube ni, yana jira.

Magana ta taho min har kan harshe: likita, awon sukari, ƙafa, ido, duk abin da aka gaya mana a asibiti. Ni da ban taɓa barin magana ta kwana a cikina ba. Na dafe gwiwata da ƙarfi, na haɗiye ta. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba, kwaɓin sha'ir bai kama ƙafarsa ba.

Ya sa a baki, ya lumshe ido, ya tauna a hankali har ya gama. Sannan ya jawo gurasar sha'ir gabansa, ya yagi babba, ya naɗe tsire a ciki, ya ce wa Shahad ta gyara zamanta, ta tokare masa gwiwa.

Hawaye suka cika min ido, na juya baya na ɗauko butar shayi don kar a gani. Na fara jera kofuna. Baba ya miƙo nasa ta gefena, ko waiwayowa bai yi ba, bakinsa cike da gurasa.

"Nawa kar ki sa sukari," ya ce.