Kwanar Dingyaɗi

Motar da Ladan ya saya a hannun Baturen dabbobi, shekarar da Turawa suka fara tattara komatsansu bayan samun mulkin kai, ba motar mai iyali ba ce. Ja ce, guntuwa, kamar a ƙasa take zaune, rufinta na tamfol, kujerunta biyu rak. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar akuya. Mutanen Shagari suka zo suka zagaye ta, suka yi masa barka da arziki, suka koma gida suna tambayar juna amfaninta. Shi kuwa Ladan, malamin allurar shanu na En'e, ya ce don gudu aka yi ta, kuma gudun yake yi da ita, daga Horo Birni zuwa Mandera, duk inda aka tara garke.

Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ta soma cin ɗayan. Ladan ya sami wani likita Bature a Sakkwato da ya ce zai iya cirewa, sai dai shi ma kafin damina zai koma ƙasarsu. Babbar motar kasuwa ba ta hawuwa ga Inna, don gwiwoyinta sun daina yarda da hawa kan buhuna. Abin da ya rage shi ne jar motar nan.

To, Ladan ɗan farinta ne. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa a Mandera, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa dubansa ido da ido ba, balle ta taɓa jikinsa. In ya zo gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta amsa tana kallon kwanon da ke gabanta. In tana da saƙo gare shi, sai ta gaya wa ƙanwarsa Safinatu da ƙarfi yadda zai ji. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar ana yi kuma ta riƙe ta da kyau. Ladan bai taɓa kawo wa kowa ƙorafi a kai ba.

Da ƙyar aka lallashe ta ta shiga motar. Ta lulluɓe da mayafi, ta manne da ƙofa, ta bar tsakaninta da ɗanta duk tazarar da ƙaramar mota za ta iya bayarwa, wato kusan babu. Suka wuce Boɗinga lafiya. A kwanar Dingyaɗi, inda hanya ke lanƙwasawa hagu, motar ta karkata irin yadda ta saba, Inna ta tafi gaba ɗaya ta faɗa kan kafaɗar Ladan.

“A tsaya,” in ji ta, tana magana da gilashin gaba.

Ya tsaya. Ta fita, ta juya, ta kama hanyar Boɗinga da ƙafa tana laluben gefen titi da sanda. Ya bi ta a baya a hankali da mota har gidan wata 'yar'uwarta. Washegari a kan jaki ta koma Shagari.

Ladan ya ɗauka tsoro ne, ya tura Safinatu ta ce mata nan gaba zai yi tafiya sannu sannu. Safinatu ta dawo tana danne dariya.

“Yaya, ba tsoro na ba, kunya ta. Ta ce gara ta makance da ta sake hwaɗawa bisa gare ka mutane na kallo. Ta ce ko sannu anka tahi, karkata halin motar na. Ba ta sake shiga sai ran da anka hana mata karkata.”

Inna ta gindaya sharaɗin ne don ta tabbata babu mai iya cika shi. Ba ta san Baturen dabbobin nan ya taɓa gaya wa Ladan cewa akwai wani ƙarfe da masu tseren mota ke ƙara wa irin wannan, don ta daina kwantawa a kwana. Ladan ya aika wani kanti a Kano. Aka ɗauki lokaci, har gajimare ya fara leƙowa ta gabas, sannan ƙarfen ya iso Gusau a jirgin ƙasa, wata babbar mota ta ƙaraso da shi naɗe cikin algarara.

Ya kai wa Bawa, makanikin Boɗinga, wanda da maƙeri ne kafin manyan motoci su fara mutuwa a ƙofar rumfarsa. Bawa ya kwance algarara. Sanda ce ta ƙarfe, kaurinta bai wuce babban yatsa ba, an lanƙwasa bakinta biyu, ga robobi, ga maɗaurai, ga notuna a ƙulle cikin tsumma. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta ya saurari ƙararta.

“Malam, tsere za ka shiga?”

“A'a. Tsohuwa za ni kai asibiti.”

Bawa ya dube shi, ya dubi ƙarfen, bai ƙara tambaya ba. Ya ga masu mota iri iri, ya daɗe da sanin cewa ba duka ke da cikakken hankali ba.

Suka ɗaga gaban motar da jak, suka tokare ta da kututturan gawo. Bawa ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashi, Ladan ya cire babbar riga ya kwanta kusa da shi yana riƙe masa sandar. Babu hudar da za a ɗaura ta, sai da Bawa ya auna da zare, ya sa alama da alli, ya yi ta murza mahujin hannu yana haki, garin ƙarfe na zubo musu a fuska. Robobin suka ƙi shiga, ya aika gida aka kawo sabulun salo ya shafa musu. Ya ɗaure tsakiyar sandar a jikin motar, ya haɗa bakinta ɗaya da ƙafar dama, ɗayan da ƙafar hagu, yadda in gefe guda ya so nutsewa, ɗayan zai riƙe shi. Na hagun ya zo a karkace, suka kwance suka sake. Bai matse notunan ƙarshe ba sai da aka sauke motar ta zauna da nauyinta, sannan ya kutsa da sifana ya ƙarasa. La'asar ta yi musu a nan.

Ladan ya fita gwaji shi kaɗai, ya nufi kwanar Dingyaɗi, ya shige ta da gudun da ya fi na ranar da ya ɗauko Inna. Motar ko gezau. Ya juyo ya sake, haka dai. Aiki ya yi kyau, ya sami abin da ya nema, kuma sai ya ji baƙin cikin da bai shirya masa ba. A nan ne ya gane cewa tun ranar nan yake ɗauke da nauyin kafaɗar Inna a tasa, marar nauyi, mai ƙanshin hayaƙin murhu da man shanu. Iya saninsa, taɓawar da ya samu daga uwarsa ke nan, kuma da hannunsa ya riƙe ƙarfen da ya toshe hanyarta.

Aka sa Safinatu a motar aka zagaya da ita, ta dawo ta ba da shaida cewa ko ƙwaryar nono aka ɗora ba za ta zube ba. Inna ta amince da tafiya. Ita ta kafa sharaɗi, an cika, ba ta da sauran mafaka.

Suka tashi bayan hantsi. Ta lulluɓe, ta manne da ƙofa kamar wancan karon. Tun daga Shagari take jan carbi, don an riga an gaya mata da wuƙa ake cire yana. Suka wuce rumfar Bawa, wanda ya ɗaga musu sifana.

Kwanar ta zo. Ladan ya karya sitiyari, motar ta bi hanya a miƙe, ba ta kwanta ko kaɗan ba. Sai ya ji kafaɗa ta sauka a kan tasa, a hankali. Bai waiwaya ba. Kwana ta ƙare, hanya ta miƙe, kafaɗar tana nan inda take.

Can Inna ta yi gyaran murya, ta ce wa gilashin gaba, “Makanikin ga bai iya aiki ba. Har yanzu karkata takai.”

“Gaskiya na,” in ji Ladan, yana kallon titi. “Sai an sake dubawa.”

Ya rage gudu, don da sauran tafiya kafin Sakkwato.