Dorina a Mashigin Alfari

A zamanin da Faransa ke sa mutane aikin hanyar Dosso, akwai wani mai fito a Gaya, sunansa Alfari. Wata safiya ya shiga fadamar shinkafa, gamsheƙa ta sare shi a dunduniya. Kafin azahar fatar idonsa ta sauko, wuya ya ƙi ɗaukar kai, harshe ya kwanta. Matarsa Bibata ta ɗaga masa fatar ido da yatsa, ta ga mutum na nan ciki yana kallonta, da alamar haushi ma.

To, aka yi sa'a lokotoron soja, wato likita, ya sauka a bariki. Ya zo da tafintansa Yacuba, ya duba, ya yi dogon Faransanci.

"Ya ce maigidanki na jin kome," in ji Yacuba. "Kansa na aika saƙo ta jijiya. Amma wai tsakanin bakin jijiya da nama akwai ɗan rata, sai saƙon ya ƙetare cikin wani ɗigon ruwa, ya sauka inda nama ke karɓarsa. Dafin ya je ya zauna daidai wurin saukar."

Bibata dai matar mai fito ce.

"Wato dorina ce ta kwanta a mashigi."

Yacuba ya mayar, lokotoro ya ɗan yi tunani, ya ce i, kusan haka.

"Tana tashi?"

"Ya ce tana iya tashi. Amma in ta kai mashigin ƙirji, numfashi zai tsaya kafin ta tashi, sai dai a yi masa da hannu. Maganin kuwa babu shi nan."

Da la'asar ƙirjin ya fara gajiya. Lokotoro ya durƙusa ta wajen kai, ya kama hannuwan Alfari, ya ja su sama, ya dawo da su ya danna ƙirji. Bai daɗe ba gumi ya jiƙe masa riga.

"Ashe tuƙi ne," in ji Bibata. "Ce masa ya matsa, bai iya ba."

Ta aika bakin kogi. Masu fito suka ɗaure jirage suka zo, suka yi layi, wannan ya tuƙa ya ba wancan. Ita ke ba da kiɗa da tafi, kada su yi sauri. Ƴan Dendi masu jiran fito a wancan hayi suka yi ta kira, ba wanda ya kula su.

Washegari da hantsi ƙanenta Dodo ne ke kai, yana fizgar hannuwan kamar mai tsere. Bibata ta ga yatsan ƙafar Alfari ya motsa.

"Dodo, saki."

"Yaya, in na saki fa?"

"Na ce saki."

Ya saki. Ƙirjin ya tsaya, kowa ya tsaya. Can sai ƙirjin ya ɗaga da kansa, ya sauka, ya sake ɗagawa. Leɓen Alfari ya motsa, Bibata ta kai kunne.

"Me ya ce?" in ji Dodo.

"Ya ce kada a ƙara ba ka tuƙi."