Irin Alkamar Gidan Siddo

A shekarar da aka sauke tutar Faransa a Gaya, babu mai lambun alkama kamar Siddo a duk fadamar Bengu. Ba wani babban lambu ba ne, fangali arba'in ne da rijiya da jigo, amma irin da yake shukawa ba a sayen sa a kasuwa. Wata gajeriyar alkama ce ja, wadda kakansa ya zo da ita daga gabas a cikin burgami, kuma tun lokacin ba ta taɓa yankewa a gidan ba. Idan aka yi alkaki da ita ranar salla, har mutanen ƙetaren kogi sukan tsallako da sunan gaisuwa, kowa kuwa ya san abin da ya kawo su.

Kafin shuka akwai aikin da yayarsa Kadija take yi kowace shekara. Takan jiƙa gishirin Foga a babbar ƙwarya, ta yi ta ƙarawa har ƙwan zabuwa ya taso saman ruwan. Sannan ta zuba irin, ta kwashe duk ƙwayar da ta yi iyo ta kai murhu, ta shanya wadda ta nutse. Haka suke kiyaye burtuntuna, cutar nan da ke mayar da cikin ƙwaya baƙin gari mai warin ruɓaɓɓen kifi. Aikin kwana uku ne, yana tsattsage hannu, kuma Kadija ba ta taɓa yin sa ba tare da mita ba. Duk da haka ba ta yarda wani ya taɓa mata ƙwaryar.

Sai ga Sa'idu malamin gona ya iso a kan keke, da wandon kaki da jaka cike da 'yan ƙunshin jan magani. Yaron kirki ne, yana cike da zumuɗin ƙasa sabuwa. Ya zuba ƙunshi ɗaya a tiya ɗaya ta iri, ya girgiza a gora, ya ce an gama.

"Shi ke nan?" in ji Siddo.

"Shi ke nan, Baba. Amma ƙunshi guda, tiya guda. Kar a rage."

Alkama ta yi kyau a shekarar nan har abin ya ba Siddo tsoro. Kadija ta kife ƙwaryarta a kan rumbu, ta ce madalla, hannuwanta sun huta. A fuska dai ba a ga madallar ba.

To, Siddo yana da wani hali da kowa ke yabo, kuma shi ya kashe shi. Bai iya cewa babu ba. Ƙunshi uku kacal ke isowa gare shi a shekara, masu roƙo kuwa sun fi goma. Wannan suruki ne, wancan abokin wasa ne daga Tunuga, ga kuma liman. Yaya za a yi mutum ya ɓoye magani ga wanda suke cin tuwo a akushi ɗaya? Sai ya riƙa tsakura wa kowa da bakin wuƙa, kamar mai raba taba. Ƙunshin tiya ɗaya ya koma na tiya biyar. Iri ya ɗan yi ja-ja, kowa ya ce ai ya ji magani. Da irin da maganin tare yake bayarwa, har jar alkamarsa ta bazu zuwa Jiwunju.

Shekara huɗu ana haka lafiya lau. A ta biyar ya murza zangarniya ya ga baƙi a tafin hannunsa. A ta shida ya zuba cikakken ƙunshi kamar yadda aka ce tun farko, a ta bakwai ya ninka, amma kamar yana barbaɗa wa cutar yaji. Ranar sussuka baƙin hayaƙi ya tashi daga masussuka, matan gida suka toshe hanci.

Sa'idu ya zo ya tsuguna a bakin fangali, ya duba alkamar.

"Baba, cutar ta saba da shi. Kun yi ta ba ta kaɗan-kaɗan, mai rauni ta mutu, mai taurin kai ta rayu ta hayayyafa. Yanzu wanga maganin ba shi yi mata komi."

"To a kawo wani."

"Na rubuta wa manyanmu na Doso. Sun ce sabon iri za su aiko, farar alkama. Wagga taku sun ce a ƙone ta."

Siddo bai ƙone ta ba. Ya ɗaura wa jaki mangala ya bi duk gidajen da ya taɓa ba iri, ko Allah zai sa wani ya tsira da nasa. Ko'ina aka buɗe masa tulu, warin nan ne ke fara gaishe shi. Ya dawo bayan kwana shida, ya wuce kai tsaye ɗakin yayarsa. Kadija ta tsufa a lokacin, yanar ido ta rufe mata gani.

"Yaya, ki taimake ni."

"Sai yanzu ka tuna ina da hannu?" Ta yi tsaki. "Tahi ka sauko mini da ƙwaryar. Ka nemo ƙwan zabo, ba na kaza ba."

Ta yi aikin da lalube, tana mita kamar dā, shi kuwa daɗin mitar yake ji kamar ya yi kuka. Ya zuba tiya uku, abin da ya rage masa ke nan a duniya. Saman ruwa ya rufe baƙi ƙirin. Tana kwashewa, wani yana tasowa. Da aka tsiyaye ruwan, abin da ya kwanta a gindin ƙwarya bai cika ludayi biyu ba.

Ya shuka shi a sabon fangali can nesa da sauran, ya kewaye da ƙaya, yana ɗebo masa ruwa da kansa safe da yamma. Alkamar ta fito kore shar, ta yi zangarniya, ta nuna. Ranar da ya kamata ya duba, sai hannunsa ya ƙi. Ya yanko zangarniya bakwai ya kai wa Kadija a cikin hularsa.

Ta murza ta farko a tafin hannu ta kai hanci. Ta ɗauki ta biyu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta bakwai, ba ta yi mita ko sau ɗaya ba. Sannan ta goge baƙin garin da ke hannunta a zaninta a hankali, ta miƙa masa hular.

"Siddo," ta ce, "baɗi ka shuka albasa."